Cokali Ɗaya na Gyara

Shekarar da aka buɗe kantin gama kai a Zuru, ni ce na tsaya kai da fata sai an sa daddawarmu a ciki. Ba wanda ya aike ni. Na faɗi wannan tun da farko ne saboda na daɗe ina ɗora wa wasu laifin abin da ya biyo baya, alhali da ƙafata na je.

A lokacin shekarata biyu da barin bariki. Mijina soja ne, ya tafi aiki bai dawo ba, aka ba ni wa'adin kwashe kaya, na kwaso yara uku na dawo gidansu wurin mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Gonar gidan tana can wajen Ribah, kuma saboda 'yan bindiga zuwa can ya zama sai mutum ya riƙe ransa a hannu, don haka muka bar wa ciyawa ita. Abin da ya rage mana shi ne hannun Inna. Tun tana budurwa take yin daddawa, kuma a unguwarmu ba ta da ta biyu. Mu tara ne muke aikin a tsakar gidanmu, yawanci matan da gona ta gagara ko miji ya rasu. Mu dafa kalwa, mu surfe, mu wanke, mu rufe ta a kwando kwana uku ta nuna, mu daka, mu shanya. Ranar kasuwa mu baza a faranti mu zauna a rana. Wata rana a sayar, wata rana a dawo da ita gida kamar yadda aka fita da ita.

Kantin nan ba irin shagon da muka saba ba ne. Na ƙungiya ne, ma'aikata da manoma da 'yan fansho suka haɗa hannu suka kafa shi, yana da rassa a Birnin Kebbi da Yawuri da Argungu har Kontagora. Mutum yana shiga ya ɗauki kwando ya zaga da kansa, ba ciniki, ba taya, farashi na manne a jikin kaya. Duk ɗan ƙungiyar da ke sarrafa wani abu, zuma ce ko man gyaɗa ko shinkafa, yana iya neman kanta, wato a ba shi wuri a kan katakon jera kaya a dukkan rassan. Amma sai kaya sun fara zuwa babban sito a Birnin Kebbi an duba su. Ko a bayan kantin Zuru aka yi abu, sai ya je can ya dawo kafin a jera shi. Na ga wannan a matsayin hauka, amma na yi shiru, don ni ke nema.

Manajan reshen Zuru Ibo ne. Ya zo garin tun yana saurayi, ya shekara da shekaru da shagon kayan shayi kusa da tasha kafin ƙungiya ta ɗauke shi. Hausarsa ta fi ta wasunmu, mu da muka tashi da yaren C'lela a gida. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani filla-filla. Garin daddawa suke so, busasshe, a leda. Kwali goma sha biyu duk zuwan mota, mota kuwa duk bayan mako biyu take zuwa, ranar Alhamis. Sabon mai kawo kaya ana gwada shi sau uku. Idan na uku ya faɗi, kanta ta tafi, kuma akwai wani kamfani a birni mai yin daddawa da inji da ke jiran ta. Ya ba ni ƙaramin sikeli mai nuna lamba, da injin liƙe leda, da ledoji masu tambarin ƙungiya, kowace an rubuta giram ɗari biyu a jikinta.

Na dawo gida ina jin kamar an ba ni sarauta. Na tara matan na ce mu daina kai wa kasuwa, mu haɗe kalwar da muka tara a bazara gaba ɗaya mu zuba a wannan. Duk suka yarda, don na iya magana, kuma sun gaji da zaman rana. Inna ce kaɗai ta tambaye ni, "Ɗiyata, wa za ya saya?"

Na ce, "Mutane mana, Inna."

Ta ce, "Waɗanne mutane? Kin gan su?"

Na yi dariya na ce ba sai na gan su ba. Ta tashi ta hura wuta ƙarƙashin tukunya.

Duk wanda ya taɓa sayen abu a kasuwar Zuru ya san gyara. An auna maka an gama, sai mai sayarwa ta ƙara ɗan abu a kai, ko ka roƙa ko ba ka roƙa ba. Inna a kasuwa ta koyi Hausa, kuma ina jin kalmar nan tana cikin goman farko da ta iya. A wurinta awo ba ya ƙarewa sai an ɗora gyara. Macen da ta miƙa kaya babu shi, to ko dai tana fushi da mai saye ne ko kuma ba ta da tarbiyya. Saboda haka ranar da muka zauna ƙulla kayan farko, abin da muka yi shi ne mu zuba gari har sikeli ya nuna ɗari biyu, sa'annan mu ɗora cokali ɗaya. Ba wadda ta kawo shawarar, ba wadda ta hana. Ni da kaina na wanke cokalin na ajiye shi kusa da sikeli.

Mota ta kwashe kaya. Bayan kwana biyar na je kanti jin labari. Na tarar da Manaja a ƙofar baya ana sauke masa buhunan sukari, waya a kunne, biro a baki. Ya ɗaga mini hannu, ya cire biron ya ce, "Madam, sun kira. Sun ce awonku bai yi daidai ba. Ku yi gyara." Ya koma kan wayarsa.

Ban san yadda na iso gida ba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin mai saye ya ce awo bai yi daidai ba yana nufin an cika masa. Idan an ce bai yi ba, to ya kasa ne. Wato mu tara, da tsohuwa mai furfura a cikinmu, an ce mun tauye mudu, kuma an faɗe shi a gaban masu dako. Da na maimaita wa matan, wata ta ce sikelin birni ne ya fi namu nauyi, wata ta ce raini ne kawai don sun ji sunan Zuru. Inna ba ta ci abinci ba ranar. Ta zauna a bakin ɗakinta tana cewa shekara hamsin ba a taɓa kawo mata kukan awo ba sai yanzu da ta kusa kabari.

Kaya na biyu cokali biyu muka ɗora wa kowace leda, a cike, da tozo. Ledar ta yi kaɗan, bakinta da ƙyar yake haɗuwa, ni ce mai dannawa da babban yatsa kafin a liƙe. Ina dannawa ina cewa a zuci, ga gyara nan, ku ci ku ƙoshi. Wallahi har da jin daɗi na yi aikin.

Wannan karon ban je ba, Manaja ne ya zo da kansa a kan babur, da hantsi, muna wankin kwanduna. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ya ce ledojin sun fashe a cikin mota tun kafin a kai Birnin Kebbi. Garin ya bi kwalayen madara da ganyen shayi da biskit na wasu mutane, motar gaba ɗaya ta ɗauki wari, direba ya yi rantsuwa ba zai ƙara ɗaukar kayanmu ba sai an tilasta shi. Kayan farko kuma da aka jingine a lungun sito sun sha danshin damina sun dunƙule, ba su da sauran amfani.

Ya ce, "Madam, ban ce ku gyara ba?"

Na ce, "Mun yi mana. Cokali bibbiyu muka sa. Me kuma suke so, mu ba su kwandon?"

Ya tsaya yana kallona. Ya kalli sikeli, ya kalli cokalin da ke gefensa. Sai ya nemi turmi ya zauna a kai, ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Yawa ya yi, Madam. Tun na farkon yawa ya yi. Cewa suka yi ku rage."

Ya yi ta bayani a hankali kamar mai lallashin mara lafiya. Abin da aka rubuta a leda shi ne dole ya kasance a ciki, ba ƙari ba ragi. Wanda ya saya a Yawuri da wanda ya saya a Zuru dole su sami abu ɗaya, tun da duk 'yan ƙungiya ne, kuɗi ɗaya suka biya. Ledar ma an yanka ta ne daidai nauyin. Ya ce shi kansa shekara da shekaru yana ba yara alawa gyara a shagonsa, ya san kalmar sarai, amma ranar hankalinsa na kan sukari, bakinsa ya faɗe ta da ɗayar ma'anar bai ji ba. Ya ba da haƙuri. Ban karɓa ba. Na ce masa mutumin da ya shekara talatin a gari bai san yadda ake yi wa matan kasuwa magana ba, gara ya koma sayar da ashana. Ya shanye, ya ce saura gwaji ɗaya, Alhamis ta sama, kwali goma sha biyu cif, idan kwali ɗaya ya kasa to faɗuwa ce. Ya hau baburinsa ya tafi.

Da ma a nan na tsaya. Amma fushin bai ƙare ba, kuma ba ni da inda zan kai shi, sai na juya kan Inna. A gaban matan nan bakwai na ce mata ita ta koya mana wannan almubazzaranci, shekara hamsin tana rabar da cokali-cokali, shi ya sa har yau ɗakinta ke yoyo. Na ce da ta iya riƙe hannunta da jikokinta ba su rasa takalmi ba. Har yanzu idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Ta ɗauraye hannunta, ta shiga ɗaki ta saki labule, kuma daga ranar ta daina yi mini magana.

Da muka auna garin da ya rage, kwali goma zai yi. Biyu sun kasa. Na zauna na yi ta kallon buhun, na san sarai inda biyun suka tafi, don da hannuna na zuba su.

Kalwa a tsakiyar damina ba abin da ake tsinta ba ce. Na je Dabai, nan kusa da Zuru, na bi gida-gida, duk inda na san akwai itacen ɗorawa. Ko'ina amsa ɗaya, 'yan sari sun kwashe tun bazara. Wata tsohuwa ta tausaya mini ta ba ni abin da bai cika kwano ba. Ranar kasuwar Ribah na hau kabu-kabu, ban gaya wa kowa ba, don na san za a hana ni. Duk kwanar da muka sha, mai babur ido kawai yake rabawa a daji. Na yi ta tunanin idan wani abu ya same ni a hanyar nan, yaran ba uba ba uwa, a kan daddawa. Duk da haka ban ce ya juya ba. Na samo tiya uku a wurin wata mata da ta ga idona ta gane a matse nake.

Muka dafa, muka surfe, muka rufe. Ta nuna da kyau. Ranar da muka baza ta a tabarma sai hadari ya haɗu, aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Muka shigar da ita ɗaki, muka hura gawayi a gefe, muka yi ta fifita. A rana ta huɗu na ɗaga tabarma na ga funfuna ta yi fari a ƙasa. Na zauna a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka kawo mini kayan mijina.

Matan ba su zage ni ba, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ɗaya daga cikinsu, mai yara biyar, ta same ni a bayan gida ta ce a hankali, idan abin ba zai yiwu ba in ba ta kason kalwarta ta koma kasuwa. Na rasa bakin da zan ce mata kasonta yana manne a jikin kwalin biskit a Birnin Kebbi. A gidajensu an fara tsallake abincin rana. A namu ma haka. Kantar nan da ban taɓa gani da kayanmu a kai ba ita ce kaɗai ta rage tsakaninmu da roƙo.

Zan faɗi abin da na yi ranar Talata, ko da yake ba wanda ya sani sai Inna. Na je kasuwa na sayo garin waken soya, na soya shi sama-sama ya yi duhu. Na yi lissafin idan na cuɗa shi cikin kwali goman nan zai kai sha biyu, sikeli kuma ba ya shinshina. Ranar Laraba da safe, kafin matan su zo, na fito da shi a roba na ajiye kusa da buhun daddawa, na tsuguna. Na san idan na zuba, sunan Inna na zuba wa, amma na san kuma gobe mota za ta zo.

Ban ji fitowarta ba, sai ƙafarta na gani. Ta tsaya a kaina, ta sunkuya ta ɗebi garin da yatsu biyu ta kai hanci. Ta sa ƙafa ta ture robar gefe, ba da ƙarfi ba. Ta koma ɗaki. Na ji tana jan wani abu mai nauyi a ƙasa, sai ga ta da tulun da take ajiyewa a ƙarƙashin gado, bakinsa a ɗaure da tsumma. Duk shekara daga daddawar farko, wadda ta fi kyau, take cire ta miyar gida ta busar ta adana a ciki, ita ke kai mu har wata bazarar. Ko ni ba na taɓa tulun nan. Ta kwance tsumman, ta juye tulun kaf a turmi, ta buga gindinsa don kada ko ɗaya ya maƙale. Ta miƙo mini taɓarya ta ce, "Daka."

Kalmar da ta fara yi mini ke nan a kwana goma sha ɗaya. Na daka ina hawaye, ita kuwa ta ja kujera ta zauna.

Da matan suka zo na ɗauke cokalin nan na kai madafi. Ni kaɗai na zauna gaban sikeli. In zuba, lamba ta kai ɗari biyu, in ɗauke hannu. Idan ta wuce da ɗaya in tsame da yatsa. Ledojin suka fito a saɓule, da sauran wuri a sama, kamar an yi musu rowa. Wata ta ce ita kam ba za ta iya kallo ba, ta koma wajen liƙi.

A leda ta ƙarshe ta kwali na sha biyu, lamba ta tsaya daidai, garin da ya rage a faranti bai cika tafin hannu ba. Inna ta miƙo hannu ta ɗebi ɗan kaɗan ta barbaɗa a ciki. Ba na jin ta yi shawara da kanta, hannun ne ya tafi. Lamba ta motsa. Na ɗaga kai muka haɗa ido. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri." Na sa yatsa na tsame abin da ta zuba, a gabanta, har lamba ta koma. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ta juya fuska wajen katanga.

Mota ta tafi ranar Alhamis. Kwana shida muna jira, muna cin tuwo da miya lami, a gidan da duk unguwa ke zuwa sayen daddawa. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko an manta ne ba a sa ba. Ranar Laraba Manaja ya aiko a ce mini kaya sun wuce, an raba su rassa, na Zuru za su iso da motar gaba.

Da suka iso na je. Kanta ta ƙasa aka ba mu, kusa da gishiri, sai da na durƙusa na gan su da kyau. Ga su nan a jere, an manna musu takarda mai zane-zane a baya. Na daɗe a durƙushe har wani mai kwando ya ce in ba shi hanya. Tun da babu ko ƙwaya a gida, na ɗauki leda ɗaya na bi layi. Matar da ke kan inji ta goga ta a gilashi, ya yi ƙara, na biya, ta miƙo mini ba ta ko ɗago kai ba, tana kallon na bayana.

Na tarar da Inna tana gyaran ganyen kuka. Na durƙusa na ajiye ledar a gabanta na ce, "Inna, ga ta. Mun samu kanta."

Ta ɗauka ta auna a tafin hannu. Ta juya ta, ta matsa wurin da ba kome a sama. Ta ce, "Haka sunka miƙo miki?"

Na ce haka.

"Ba su ɗora komi ba?"

Na ce ba su ɗora ba.

"Ba su tambayi yara ba?"

Na ce ba ta san ni ba, Inna.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, haka munka yi ma mutanen Yawuri ke nan." Ta yage bakin ledar da haƙori, ta tashi ta nufi tukunya.

Har yau kantar tana hannunmu, ita ke ciyar da gida takwas. Inna tana dafa kalwa, tana surfe, ita ke ɗaga kwando ta ce ta nuna ko ba ta nuna ba. Amma duk ranar da na fito da sikeli, sai ta ɗauki kujerarta ta koma ƙofar gida ta zauna har mu gama.